Ƙudajena da Maganin Tsufan Kawu

Shekara goma sha takwas ke nan ina kiwon ƙudaje, kuma ban taɓa sunkuyar da kai wajen faɗin haka ba. A Coal Camp aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere bayan layin masu walda. Babanmu tela ne, ya zo Enugu daga wani ƙauye na kudancin Kano tun yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "'Yar nan" take ce mini har yau da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina.

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne na wata jami'a, ƙarƙashin wata farfesa, gajeruwar mace 'yar ƙabilar Ibo wadda ba ta cika dariya ba. Ƙudajen namu ba irin na shara ba ne. Ƙanana ne ƙwarai, masu jajayen idanu, irin waɗanda ke yi wa ruɓaɓɓiyar ayaba dandazo a kasuwar Ogbete. In an kula da su sosai sukan yi wata biyu a duniya, wasu su ɗan haura. Shi ya sa ake nazarin tsufa da su: mutum zai ga haihuwarsu, ya ga ƙuruciyarsu, ya ga tsufansu da mutuwarsu, duk kafin masarar da aka shuka ta nuna.

Ni ke dafa musu abinci. Garin masara ne da yis da sukari, in dama kamar kunu har ya yi kauri, in zuba a gindin 'yan kwalabe ya daskare, in toshe bakin da auduga. Duk bayan kwana biyu in sauya musu kwalba, in ƙirga waɗanda suka mutu, in rubuta. Daga nan mu ware matasa, mu ware tsofaffi, mu daskarar da su a firiza, mu niƙa, mu tatso ƙwayoyin gadon da ke jikinsu, a aika wani babban ɗakin bincike inda akwai na'urar karanta su. Da Inna ta tambaye ni amfanin wannan wahala, na ce mata kowane mai rai yana da wani abu kamar littafi a cikin jikinsa. Shafukan suna nan tun daga haihuwa, amma in shekaru suka ja, wasu shafukan jiki yakan daina karanta su, wasu kuma ya fara. Farfesa tana son sanin waɗanne ne.

Inna ta ce, "In ta sani, sai me?"

Na ce, "Sai na bayanta su ɗora daga nan."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Matan unguwa kuwa "mai ƙudaje" suke ce mini a gidan suna da na biki. Direban keken da ke kai ni aiki ya taɓa juyowa ya ce, "Madam, na true say na fly you dey rear?" Wato wai da gaske ƙudaje nake kiwo? Na ce masa gaskiya ne, kuma sun fi fasinjojinsa da'a. Duk wannan bai taɓa damuna ba.

Abin da ya jawo rigimar wani ɗan bidiyo ne. Wata ɗaliba ta ɗauke ni ina aiki, da farar riga a kan hijabina, ta tambaye ni me muke yi, na ce muna nazarin yadda tsufa ke kama jiki. Bai kai minti guda ba. Cikin mako ɗaya ya zaga wayoyin Hausawan Enugu, ya tsallaka Onitsha, har ya kai Fatakwal. Kafin ya dawo wurina labarin ya riga ya yi ƙiba: wai 'yar Coal Camp ta gano maganin tsufa.

A nan Kawu ya shigo. Ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da shago kusa da kasuwar Ochanja a Onitsha inda yake sayar da citta da kanumfari da kimba da zuma da sassaƙe iri-iri. Dole in faɗi alherinsa kafin in faɗi saɓaninmu. Lokacin da Baba ya rasu ina ajin ƙarshe na sakandare, dangin Baba suka zo daga gida suka ce a tattara mu duka a koma arewa. Kawu ne ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinmu ya ce yarinyar nan sai ta gama karatunta, wanda bai yarda ba ya zo ya ture shi. Ba wanda ya ture shi. In da bai tsaya a ƙofar nan ba, da ban taɓa sa farar riga ba.

Wata Asabar da hantsi ya iso gidanmu da babbar riga da kwali a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, muka bi gaisuwar daki-daki kamar yadda yake so, gajiya, iyali, kasuwa, mutanen Onitsha. Bayan ya sha ruwa ya buɗe kwalin ya fito da wata kwalba mai baƙin ruwa a ciki.

"'Yata, ga abin da na haɗa. Zuma ce da zogale da tafarnuwa da wasu sassaƙe da ba zan faɗa ba. Direbobi suna saye, ran Laraba kuma ina aikawa kasuwar Oil Mill ta Fatakwal, kafin la'asar ya ƙare. Duk wanda ya sha sai ya dawo."

Na ce Allah ya ƙara albarka.

"Abu biyu nake so a wurinki. Takarda mai hatimin wurin aikinku cewa an gwada shi an ga yana mayar da tsoho yaro. Sai hotonki da farar rigar nan, in sa a jikin kwalba."

Inna tana gefe tana jan carbi, ba ta ɗago ba.

Na ce, "Kawu, ba a gwada shi ba."

"To ai shi ya sa na zo. Ki rubuta an gwada."

"Ba zan iya ba."

Ya yi dariya, ya ɗauka ban fahimta ba. Ya sake bayani a hankali kamar mai koya wa yaro alif. Ba guba ba ne, ba wanda ya taɓa mutuwa, shi kansa yana sha. Na ce na yarda ba guba ba ne, amma abin da yake so in rubuta ban gani da idona ba, kuma hatimin ma ba nawa ba ne. Ya mayar da kwalbar cikin kwali, ya ce in yi tunani, ya tafi ko abinci bai tsaya ci ba.

Ban so mu rabu haka ba. Ran Litinin na sami Farfesa na gaya mata komai. Ta cire tabarau ta ce in ya yarda ya kawo, ɗalibai za su iya sa shi a abincin wasu ƙudajen su bar wasu, a ga bambanci. Amma zai ɗauki watanni, kuma duk abin da ya fito shi za a rubuta, ko daɗi ko ɗaci. Ta ƙara da cewa ko da ƙudajen sun daɗe, ba za ta taɓa sa hannu a kan cewa zai yi wa mutum haka ba, domin ƙuda daban, mutum daban.

Na kira Kawu da murnata na gaya masa.

Ya ce, "In kuma suka mutu fa?"

"Sai a rubuta sun mutu."

"Wato in ɗauki wuƙa da hannuna in ba ku ku yanka ni. Ke ba 'yar halak ba ce?" Ya kashe wayar.

Daga nan aka fara aiko mini da mutane. Matarsa ta kira tana kuka. Wata gwaggo daga Fatakwal ta ce boko ya cinye mini zuciya. A masallacin unguwarmu wani ya tare mijina ya ce masa ya ja wa matarsa kunne. Mijin nawa, mai gyaran firij ne, mutum mai sanyin hali, ya ce masa shi bai san harkar ƙudaje ba, amma ya san matarsa, in ta ce a'a to gara mutum ya nemi wata hanya. Wata maƙwabciyarmu 'yar kudancin Kaduna, nas ce, mun shekara goma muna raba gishiri da ashana, ita ce kaɗai ta ce mini kada in kuskura. Ta ce tana ganinsu a asibiti, masu ajiye maganin hawan jini su koma shan abin kwalba saboda an sa hoton mai farar riga a jiki.

Bayan mako uku saƙo ya zo cewa Kawu ya kai ƙarata wurin dattawan kasuwarsu, ana so Inna ta kawo ni Onitsha ran Lahadi. Inna ta faɗa mini tana kallon ƙasa. Na ce zan je.

Ran Asabar da rana na shiga wurin aiki na ɗauki kwalabe biyu daga cikin rarar da ba ta cikin ƙidaya, ɗaya ta matasa 'yan mako guda, ɗaya ta tsofaffi da suka haura mako bakwai. Ban tambayi Farfesa ba, domin na san amsar da za ta ba ni. Na naɗe su a jiƙaƙƙen tawul na sa a kular abinci saboda zafi. Haka na rungume ta a cinyata cikin bas tun daga Enugu har Onitsha. Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko abincin maras lafiya ne, na ce mata kusan haka.

A rumfar bayan shagon Kawu aka zauna bayan azahar. Dattawa huɗu ne a kan tabarma, da limamin masallacinsu, da shugaban 'yan kasuwar, wani tsoho tukuf wanda aka ce ya zo Onitsha tun ana shigowa garin ta jirgin ruwa. Ni da Inna aka shimfiɗa mana tamu a gefe. Aka yi addu'a, Kawu ya fara. Ya faɗi ranar da ya tsaya a ƙofa, kuma bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba. Ya ce bai taɓa neman komai a wurina ba sai yau, takarda guda da hoto guda. Idona ya cika, domin duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Shugaban ya juyo gare ni. "Yarinya, kin ji kawunki. Me za ki ce?"

Shekarata arba'in da huɗu a lokacin, amma a gabansa yarinya ce ni. Na ce, "Baba, a ba ni izini in nuna wani abu."

Na buɗe kular na fito da kwalaben. Wani daga cikin dattawan ya ja da baya yana cewa a'uzu billahi, ya zaci wani abin ne. Na ce ƙudaje ne kawai, su matso su gani. Na riƙe kwalaben biyu a hannu ɗaya na buga gindinsu a kan tafin ɗaya hannun, duk ƙudajen suka zube ƙasa. Nan take na kwalbar dama suka hau bango a guje har suka kai auduga. Na hagu kuwa suka yi ta fama a gindi. Wani ya hau kaɗan ya faɗo, wani ya kife yana harba ƙafafu, biyu ko uku suka kai rabi suka tsaya.

Na ce, "Waɗannan matasa ne, waɗannan tsofaffi. Jininsu ɗaya, abincinsu ɗaya, ni na dafa da hannuna. Kwanaki ne kawai suka raba su."

Shugaban ya miƙo hannu na ba shi ta hagu. Ya kai ta dab da idonsa ya daɗe yana kallo. Can ya nuna wani da ke kife ya ce, "Wannan ni ne in zan tashi daga sujada." Aka yi dariya, har da liman. Kawu bai yi ba.

Na ce, "Baba, shekara da shekaru ina kallon wannan kowace safiya. Mun san in aka rage musu wani abu a abinci sukan ɗan ƙara kwanaki. In aka ajiye su a wuri mai sanyi ma haka. Muna buɗe abin da ke rubuce a jikinsu muna dubawa, har yanzu ba mu gama fahimta ba. Amma ban taɓa zuba wani abu a kwalbar hagu na ga ta koma ta dama ba. Ranar da na gani, ni zan fara zuwa in faɗa wa Kawu. Na ce ya kawo a gwada, ya ƙi. To ni ba zan ce na ga abin da ban gani ba, ko da wa ya ce in faɗa."

Kawu ya ce, "Ni za ki tozarta da ƙudaje a gaban mutane?"

"Kawu, kai ka tara mutanen. Kuma kai ka hana a cire ni daga makaranta. Abin da aka koya mini a can ke nan. In ka so in ajiye shi, da ka bar su sun tafi da ni."

Na san na yi kaushi, amma ban janye ba, kuma har yau ban ga abin janyewa a ciki ba.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce ai kowa haka yake yi a kasuwa, wa ke karanta abin da ke jikin kwalba? Liman ya ce masa in ba a karantawa, me ya sa ake neman a rubuta? Ya ce zumunci wajibi ne, amma bai san inda aka ce a yi shaidar zur don a raya shi ba.

Ban zaci Inna za ta yi magana ba, domin ba ta saba buɗe baki a gaban maza ba. Sai na ji ta gyara murya.

"Ni ina da abin faɗi. Auta," haka take kiran Kawu, "wata biyar ke nan ina shan abin nan naka, safe da yamma, ban taɓa fashi ba. Yana da daɗi. Tarin da nake yi da damina ya yi sauƙi, wannan zan faɗa a ko'ina. Amma gwiwoyina suna nan yadda ka san su. Ɗazu 'yar nan ce ta sauko da ni daga mota. Ka rubuta maganin tari ne, ni sai in ba ka hotona."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko, shugaban har da share hawaye. Kawu ya tashi ya shige shago. Shugaban ya ce magana ta ƙare, ba za a tilasta wa kowa ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, amma in je in ba kawuna haƙuri a kan kaushin harshe. Na je na durƙusa a bakin shagon na ce ya yafe mini yadda na yi maganar. Na kuma ce masa maganar kanta tana nan. Bai juyo ba.

A hanyar dawowa, da muka wuce Awka, Inna ta juyo gare ni. Ta ce, "Kin yi gaskiya, amma bakinki irin na ubanki ne." Ban san ko yabo ba ne ko faɗa, ban kuma tambaya ba.

Ran Litinin Farfesa ta riga ni shiga, ta ga gurbin kwalabe biyu. Tsofaffin ma rabinsu ba su kai Enugu da rai ba saboda zafin mota. Na gaya mata inda na kai su. Ta ce dokar wurin nan ba ta da kawu, ta ba ni takardar gargaɗi, ita ce ta farko kuma ta ƙarshe a aikina. Na sa hannu ban yi musu ba, domin ta fi ni gaskiya. Da zan fita ta ce, "Sun hau bangon kuwa?" Na ce matasan sun hau. Ta gyaɗa kai ta gyara zaman tabaraunta.

Kawu bai daina sayar da abinsa ba. Ya samo hoton wani Bature mai farar riga, Allah kaɗai ya san daga ina, ya manna a kwalbar. Ban iya hana shi ba, ban kuma yi ƙoƙari ba. Abin da ke hannuna shi ne fuskata da sa hannuna, su kuma na hana. Amma wani ɗan unguwarmu da ke zuwa Oil Mill ya kawo mini kwalba ɗaya na duba: an cire maganar mayar da tsoho yaro, an bar "ƙarin kuzari". Ko maganar liman ce ta yi aiki ko ta Inna, ban sani ba.

Shekara guda da rabi bai amsa wayata ba. Kowace Sallah ina zuwa Onitsha gaishe shi, ya amsa a taƙaice yana kallon titi. Wasu dangin sun daina gayyatata biki. Na ji zafin hakan, musamman auren 'yarsa ta biyu da na goya tana jaririya, wanda sai a wayar mutane na ga hotunansa. Amma ko sau ɗaya ban kwana ina cewa da ma na rubuta ba.

Bara, bayan babbar Sallah, na je na same shi a shago yana auna wa wani mutum citta. Na gaishe shi, ya amsa, har ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tura a sayo mini lemo. Mutumin ya ɗauki kwalbar maganin yana jujjuyawa, ya tambaya ko da gaske yana aiki. Kawu ya ce yana yi mana. Mutumin ya dube ni kamar mai neman ƙarin shaida.

Kawu ya ce, "Wannan 'yata ce, a jami'a take aiki. Kada ka tambaye ta. Ba za ta faɗa maka abin da kake son ji ba."

Mutumin ya sayi cittarsa ya ajiye kwalbar. Kawu ya harare ni, ya turo mini kujera da ƙafa ya ce in zauna, rana ta yi zafi.